Ina Wadar Zuci Take?

Idan kaka ta yi, aka kwashe amfanin gona, kowane magidanci yakan tsaya gaban rumbunsa ya yi lissafi. Wanda ya sami dami arba'in yakan ce da ma sun kai sittin, da hankalinsa ya kwanta. Maƙwabcinsa mai dami sittin kuwa yana can yana hangen na mai ɗari. Shi ma mai ɗarin ba barcin kirki yake yi ba, gama yana tunanin gara da ɓera da ɓarawo, da kuma inda zai sami kuɗin ƙara gona. A birni ma haka abin yake. Ma'aikaci yakan ce in an ƙara masa albashi zai huta, amma ran da aka ƙara, kafin wata ya mutu bukatunsa sun riga sun cinye ƙarin.

Daga nan tambaya take tasowa. Akwai wani ma'auni da in dukiyar mutum ta kai shi zuciyarsa za ta ce ya isa? Ikilisiyar Katolika tun daga farko tana koyar da cewa babu wannan ma'auni a cikin kayan duniya, wadar zuci mai daɗewa a wurin Allah kaɗai take. Wannan amsa tana da sauƙin faɗi a bakin mai wa'azi. Amma wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa yana da iko ya tambaya ko ba wata dabara ce ta rufe bakin matalauci ba. Tambayarsa mai nauyi ce, ta kuma cancanci amsa ta gaskiya.

Abin da ya sa dukiya ba ta ƙosar da zuciya

Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya raba dukiya gida biyu. Akwai wadda jiki yake bukata kai tsaye, wato abinci da abin sha da sutura da wurin kwana. Akwai kuma wadda mutane suka ƙago don sauƙin ciniki, wato kuɗi. Ya nuna cewa sha'awar ta farko tana da iyaka. Kome yunwar mutum, in ya ci tuwo malmala biyu ko uku zai janye hannu. Ba wanda yake sa riga goma lokaci ɗaya. Amma kuɗi ba a cinsa, ba a sa shi a jiki, saboda haka ba cikin da zai cika ya ce a dakata. Shi hanya ne zuwa ga wani abu. Wanda ya mai da hanya ta zama masauki ba zai taɓa sauka ba.

Kuɗi kuma ba shi da tabbas ko a hannun mai shi. Dattawan Nijar da Kamaru da Cadi suna tune da watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa. A dare ɗaya tamma ɗaya ta Faransa, wadda ake saya da sefa 50, ta koma sefa 100. Wanda ya binne jika ɗari a tukunya ya tono su cif yadda ya ajiye, ba ko ɗaya da ta ɓace, amma a gaban kayan da ake shigowa da su daga waje rabin ƙarfinsu ya tafi. Ba ɓarawon da ya shiga ɗakinsa, duk da haka an rage masa.

Ubangiji Yesu ya ba da misali irin wannan a cikin Luka sura 12. Gonar wani mai arziki ta yi albarka har rumbunansa suka kasa. Ya yanke shawara ya rushe su ya gina manya, sa'an nan ya zauna ya ci ya sha shekaru masu yawa. A daren nan aka karɓi ransa. Abin lura shi ne, Ubangiji bai ce mutumin ya yi sata ko ya ci gonar marayu ba. Laifinsa shi ne ya ɗauka hatsi zai iya ciyar da ransa kamar yadda yake ciyar da cikinsa.

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya bayyana tushen al'amarin. Bayan ya nemi daɗi da suna da ilimi ya same su, ya gane cewa Allah ya halicci mutum domin kansa, don haka zuciya ba ta samun hutawa sai a wurin wanda ya yi ta. Ashe rashin ƙoshin nan da mutum yake ji ba cuta ba ce. Alama ce cewa an yi shi domin abin da ya fi rumbu girma.

Mutumin da ya gwada hanya biyu

Magana irin wannan ta fi shiga kunne in an ga wanda ya rayu da ita. Akwai wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, ana furta sunan Sharl da Fuko, wanda ya ƙare kwanakinsa a Tamanrasat cikin Abzinawa, a kan hanyar da ta tashi daga Agadas ta bi ta Arlit ta shiga Aljeriya. Paparoma Faransis ya sa shi cikin jerin waliyyai ran 15 ga Mayu 2022.

An haife shi a 1858 a gidan masu hali. Uwarsa da ubansa suka mutu a shekara ɗaya yana ɗan shekara shida bai cika ba, kakansa ya riƙe shi tare da ƙanwarsa. Tun yana saurayi ya bar bangaskiya. Ya shiga makarantar hafsoshin soja, da kakan ya rasu a 1878 kuwa sai gado mai yawa ya faɗo hannunsa. Ya shiga ci da sha da tara abokai da neman mata. A makarantar sojan doki shi ne ya zo na ƙarshe a ajinsu. A 1881 aka dakatar da shi daga aiki a Aljeriya saboda rashin ɗa'a, bayan haka kuma danginsa suka sa shari'a ta ɗora masa mai kula da dukiyarsa don kada ya ƙarar da ita. Daga baya ya shaida cewa a tsakiyar shagalin nan, sa'ad da baƙinsa suke dariya, shi wani irin baƙin ciki da ƙyama yake ji.

Da daɗi ya kasa, sai ya nemi suna. Daga 1883 zuwa 1884 ya ratsa ƙasar Maroko a ɓoye, cikin shigar Bayahude, a lokacin da shiga can cikin ƙasar yake da haɗari ƙwarai ga Bature. Ya auna hanyoyi da duwatsu, ya rubuta abin da ya gani, aka ba shi lambar zinariya a birnin Paris a 1885. Ya sami abin da ya nema. Amma wani abu dabam ya biyo shi daga tafiyar. Ya ga Musulmi, matalauta da masu hali, suna barin kome su tsaya salla a gaban Allah, wannan kuwa ya girgiza shi. Ya fara shiga majami'u yana roƙon Allah, in yana nan, ya bayyana masa kansa.

A ƙarshen watan Oktoba 1886 ya je wurin wani firist, Fada Huvelin, ya ce yana son a yi masa bayani a kan addini. Firist ɗin ya ce masa ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya yi, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji a safiyar nan. Daga ranar ya tabbata cewa tun da Allah yana nan, ba abin da ya rage masa sai ya rayu dominsa. Ya bar wa ƙanwarsa abin da ya mallaka, a 1890 ya shiga gidan masu zaman zuhudu, aka tura shi wani gidansu matalauci a ƙasar Siriya. Bayan shekara bakwai ya koma Nazarat ya zama baran gidan waɗansu sistoci, yana kwana a bukkar ajiye kayan lambu. Abin da yake so shi ne ya kwaikwayi shekarun da Yesu ya yi a Nazarat yana aikin hannu ba wanda ya san shi. A 1901 aka naɗa shi firist, ya koma hamadar Aljeriya.

Ƙarar mai yunwa

A nan ne mai yunwa zai ɗaga hannu, kuma yana da hujja. Zai ce wannan mutum ya ci ya ƙoshi kafin ya yabi azumi. Shi ya zaɓi talauci, yana kuma da dangi a Faransa da za su aiko masa in abin ya yi tsanani. Manomin da fari ya cinye gonarsa bai zaɓi kome ba, ba shi kuma da wanda zai rubuta wa takarda.

Garin Tamanrasat kansa shaida ne a kan wannan ƙara. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar zuwa garin da Sharl ya zaɓa don ya zama matalauci. Ba kwaɗayi ya fitar da su daga gida ba. Abin da za su ci suke nema. Duk wanda zai tsaya a kan kabarinsu ya ce da sun yi wadar zuci da ba su mutu ba, ya yi zunubi da bakinsa.

Ikilisiya ba ta koyar da haka. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsauta wa wanda ya ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ya sallame shi da fatan alheri kawai. A Matiyu sura 25, shari'ar ƙarshe a kan ciyar da mai yunwa da shayar da mai ƙishi take. Yesu da ya ga taro sun yini ba abinci bai yi musu wa'azin haƙuri ba, ya ciyar da su. Shi ya sa duk inda mishan ta sauka ake ganin asibiti da makaranta da rijiya. Yunwa mugun abu ce, yaƙi da ita kuwa aikin Kirista ne. Manzo Bulus ma ya umarci Tasalonikawa su yi aiki su ci guminsu, shi kansa yana ɗinkin tanti. Wadar zuci ba ta hana mutum yin sammako zuwa gona, ba ta hana ma'aikaci neman hakkinsa wurin wanda ya danne shi.

Sharl kansa ya ji nauyin wannan ƙara. Yana Siriya aka aike shi ya yi addu'a a gidan wani lebura matalauci da ya rasu. Da ya ga ɗakin, ya gwada shi da gidan zuhudun da yake zaune, sai kunya ta kama shi, gama ya ga talaucinsa yana da rufi da tabbacin abincin gobe, na leburan kuwa ba shi da su. A Beni Abbas, inda ya fara zama a hamada, ya tarar ana riƙe da bayi, hukumar Faransa kuma ta kau da kai. Bai ce wa bayin su yi wadar zuci ba. Ya fanshi waɗanda ya iya, ya rubuta wa manyansa da zafi cewa ba daidai ba ne a yi shiru.

Saboda haka dole a bambanta abu biyu. Akwai rashi, wanda yake a rumbu da aljihu, maganinsa kuwa aiki ne da adalci da taimakon juna. Akwai kuma kwaɗayi, wanda yake a zuciya, ba ruwansa da yawan abin da mutum ya mallaka. Attajiri yana iya kamuwa da shi, mai akuya ɗaya ma haka. Wadar zuci maganin na biyun ce. Wanda ya ba mai rashi maganin kwaɗayi ya cuce shi, wanda kuma ya zaci ƙarin kuɗi zai warkar da kwaɗayi ya ruɗi kansa.

Dukiyar da ba a gani

Da labarin Sharl ya tsaya a kan rabuwa da gado, da darasinsa bai shafi yawancin masu karatu ba, gama ba su da gadon da za su rabar. Amma akwai wata dukiya da ya riƙe bai sani ba, ita ce kuwa ta shafi kowa.

Ya isa Tamanrasat a watan Agusta 1905, lokacin garin bai wuce gida ashirin ba. Ya gina ɗan ɗaki na dutse da laka, tsawonsa wajen mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Yana raba wa mutane magani da allurar ɗinki da hatsi da dabino. Shi ne mai bayarwa, su ne masu karɓa. Yana da buri kuma: ya rubuta ƙa'idar wata ƙungiya ta 'yan'uwa da yake fata za su zo su zauna tare da shi, yana sa rai wata rana Abzinawa za su san Almasihu.

Ba ɗaya daga cikin burin nan da ya cika a idonsa. Ɗan'uwa guda da ya biyo shi ya kamu da ciwo a hanya ya koma. Ba Ba'abzine ko ɗaya da ya karɓi baftisma a hannunsa. A zamanin nan doka ba ta yarda firist ya miƙa Hadaya Mai Tsarki shi kaɗai ba mai taya shi, mai taya shi kuwa ya tafi, har Kirsimati ta 1907 ta wuce bai yi Misa ba. Ga shi kuma an yi fari mai tsanani, fiye da shekara ba ruwa. Ya rabar da hatsin da ya ajiye har ya ƙare. A watan Janairu 1908 jikinsa ya kasa, ya kwanta yana jiran mutuwa, yana da shekara 49, ba almajiri, ba tubabbe, ba Misa, ba abin da zai ba kowa.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wannan hali ne Abzinawa, Musulmi, waɗanda su ma yunwa take ci, suka bi garken awaki na kewaye har nisan kilomita huɗu suna neman wadda take da sauran nono. Suka tatso abin da suka samu suka kawo masa, suka yi ta yin haka har ya tashi. A ƙarshen watan kuma izini ya iso daga Roma cewa yana iya yin Misa shi kaɗai.

Waɗanda suka bi tarihinsa suna ganin wannan ciwo kamar tuba ta biyu. Ya rabu da kuɗi tun 1890, amma sai a 1908 ya rabu da matsayin mai bayarwa. Mutumin da ya zo ya ceci matalauta, matalauta suka cece shi da madarar awaki. Daga nan zamansa da su ya zama na maƙwabta da abokai. Ya ƙara ba da ƙarfinsa ga harshensu, ya tattara waƙoƙinsu da karin maganarsu, ya rubuta ƙamus wanda aka buga cikin littafi huɗu bayan mutuwarsa, masana kuma suna amfani da shi har yanzu. Ya daina auna ransa da yawan abin da ya samu.

Ba a ce ba shi da aibi ba. Ɗan zamaninsa ne, abokin hafsoshin Faransa, ya kuma gaskata mulkinsu zai kawo alheri, abin da jikokin waɗanda aka mallaka suke da dalilin ƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya gina ganuwa don mutanen gari su fake, aka ajiye bindigogi a ciki. Ran 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawusan ya kewaye Agadas, mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi, wani yaro da aka sa ya tsare shi ya firgita ya harbe shi. Ya mutu ba ƙungiyar da ya yi mafarki. Sai a 1933 aka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 kuma Ƙananan Sistocin Yesu, masu bin tafarkinsa a ƙasashe da yawa. Bai ga ko ɗayansu ba, kwanciyar ransa kuwa ba ta jira su ba.

Abin da wannan yake koya wa Kirista

Zuciya tana iya mai da kowane abu rumbu. Wani ba ya tara kuɗi amma yana tara yabo. Wata ba ta da zinariya amma ranta yana rataye a kan a ce 'yarta ta fi 'yar kishiya kayan ɗaki. Mai hidimar Ikilisiya yana iya ƙirga kawunan da suka zo sujada kamar yadda ɗan kasuwa yake ƙirga ribarsa, in sun ragu ya kasa barci, in an yabi wani ya ji zafi. Karin maganar nan da take cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni tana da gaskiya wajen ƙwazo, amma takan zama mafakar girman kai, har mutum ya gwammace ya mutu da ciwonsa da a ce maƙwabci ya taimake shi. Duk waɗannan dukiya ce, dukansu kuma ana iya karya darajarsu a dare ɗaya kamar sefa.

Wadar zuci ita ce mutum ya san cewa darajarsa ba daga abin da ya tara ko ya aikata take fitowa ba. Allah ya ƙaunace shi tun bai mallaki kome ba, ya kira shi ɗa a cikin baftisma tun bai yi aikin kome ba. Fari ba ya cin wannan, gwamnati ba ta karya darajarsa, mutuwa ma ba ta ƙwace shi. Manzo Bulus, yana ɗaure a kurkuku, ya gaya wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi, ta wurin ƙarfin Almasihu. Kalmar koyo tana da muhimmanci. Ba a haifi kowa da wadar zuci ba, ba kuma rana ɗaya take samuwa ba. Sharl ya yi shekara fiye da ashirin daga tubarsa kafin ya kai ga darasin madarar awaki.

Ana gane mai wadar zuci ta wurin abin da yake yi da hannunsa. In rani ya yi nisa, farashin tiya ya hau, ba ya kulle rumbunsa yana jiran ta ƙara hawa alhali maƙwabcinsa yana cin tafasa. In zai aurar da 'yarsa ba ya jinginar da gonar da take ciyar da gida don a yi maganar bikin kwana uku. In ya yi ciniki ba ya tauye mudu. In aka ba shi amanar kuɗin Ikilisiya ko na ƙungiya, lissafinsa a fili yake. In ya samu yana godiya ya raba, in ya rasa yana nema ba tare da ya sayar da gaskiyarsa ba, in kuma aka miƙo masa taimako yana karɓa da hannu biyu ba da jin kunya ba. Irin wannan mutum ya fi kowa amfani a lokacin yunwa, domin tsoron gobe bai daskarar da hannunsa ba. Ta haka wadar zucin mai hali take zama abincin marar hali. Inda masu rumbu suka koyi cewa ya isa, waɗanda za su kama hanyar hamada da yara a baya za su ragu.

Ikilisiya ta tanadi hanyoyin koyon wannan. Azumin kwana arba'in kafin Ista yana koya wa jiki cewa ba duk abin da ya nema za a ba shi ba, abin da aka rage daga tukunya kuwa na matalauci ne. Furta zunubi yana koya wa mutum ya zo gaban Allah ba abin taƙama. Baiko da sadaka suna kwance ƙullin da yake tsakanin zuciya da aljihu. Addu'ar da Ubangiji ya koyar tana sa a roƙi abincin yini, ba na shekara goma ba. Fiye da duka akwai Jibin Ubangiji. A gaban bagade attajiri da almajiri layi ɗaya suke bi, kowa ya buɗe tafin hannunsa ba kome a ciki, kowa kuma abu ɗaya ake ba shi, ba a ƙara wa mai dami ɗari, ba a rage wa mai dami goma. Sharl yakan yi sa'o'i a durƙushe gaban wannan Gurasa a ɗakinsa na laka, daga can ne kuma ya sami ƙarfin zama a wurin da bai ga amfanin aikinsa ba.

Mai karatu da zai tsaya gaban rumbunsa a kakar bana, ko gaban albashinsa a ƙarshen wata, ya yi lissafinsa da kyau, gama iyali amana ne, tanadi kuma ba zunubi ba ne. Amma bayan ya gama ƙirga, ya ƙara wa kansa tambaya biyu. Wane abu ne in aka ɗauke masa yau zai ga kamar ransa ba shi da sauran amfani? Wane ne kuma a unguwarsu yake bukatar abin da ya yi masa saura? Amsar ta farko za ta nuna masa inda ya ajiye zuciyarsa. Amsar ta biyu za ta nuna masa gidan da zai kai tiya ɗaya kafin rana ta faɗi.

Allah ya ba jama'arsa abincin yini, ya kuma ba su zuciyar da ta san Mai bayarwa. Amin.